Daga Manhajar Kwamfuta Zuwa Wallafa: Makomar Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Rubutun Sakkwatancin Sanyinna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ke faruwa ga rubutun Hausa tun daga lokacin da aka buga shi a manhajar rubutu ta kwamfuta har zuwa lokacin da ya bayyana a mujallar da ake wallafawa a intanet. An mayar da hankali ga baƙaƙe masu ƙugiya da alamar hamza, waɗanda su ne suka fi salwanta a wannan tafiya. An nuna cewa tushen matsalar shi ne rashin bambancewa tsakanin siffar harafi da ake gani a allo da lambar da kwamfuta ta adana a fayil. An ɗauki Sakkwatancin da ake yi a Sanyinna da kewayenta, a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a matsayin ma'auni, domin a irin wannan rubutu ne asarar ta fi muni, kuma ta fi wuyar gyaruwa. Daga nan aka bayyana yadda ake juyar da tsohon fayil ba tare da an lalata shi ba, da yadda ya kamata a fara sabo.

1.0 Gabatarwa

Duk mai bibiyar ayyukan nazarin Hausa da ke intanet ya saba cin karo da kalmomi irin su "qasa" da "xaya" da "vangare", ko kuma "}asa" da "]aya" da "~angare". A wasu ayyukan kuma akasin haka ake gani: Hausar ta fito daidai, amma a jerin manazarta sai a tarar da "Uniɓersity" da "Oɗford", lambar shafi ta Romawa kuma ta koma "ɗiɓ". Masu karatu sun saba da wannan har sun daina ganin sa a matsayin illa. Ido yakan gyara da kansa, a wuce.

Sai dai ido yana gyara abin da ya riga ya sani ne. Mai karatun da ya ga "qasa" a cikin jimlar daidaitacciyar Hausa ba ya bukatar a faɗa masa ƙasa ake nufi. Amma idan rubutun tatsuniya ce da aka naɗo daga bakin wata tsohuwa a Sanyinna, ko sunayen kayan aikin su da na noman fadama da aka tattaro a ƙasar Kebbe, to akwai kalmomin da mai karatu bai taɓa ji ba, wataƙila ma babu su a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Idan ƙugiya ta faɗi daga irin wannan kalma, babu inda za a sake tsinto ta. Manazarcin da zai zo bayan shekara ashirin zai ɗauki kuren a matsayin hujja, ya gina nazari a kansa.

Mafi yawan masu bincike a wannan yanki a kwamfuta suke rubutu, ba tare da sun hau intanet ba, ko kuma su miƙa rubutun hannu ga mai shagon buga takardu a Tambuwal ko Sakkwato. Sai aiki ya kammala ake neman inda sabis ke da ƙarfi a tura wa mujalla. Wannan tsari ba shi da aibi, hasali ma shi ya fi dacewa da wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, data kuma ke da tsada. Abin dubawa shi ne gaɓar da ke tsakanin fayil ɗin marubuci da shafin mujalla.

2.0 Ƙugiya da Na'ura: Taƙaitaccen Waiwaye

Rikicin waɗannan baƙaƙe da na'ura ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun da Turawa suka fara rubuta Hausa da boko suka lura cewa akwai sautukan da abacadar Latin ba ta tanadar wa gurbi ba, wato haɗiyau guda biyu, ɓ da ɗ, da tunzuɗau ƙ. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka raɓa masa alamar hamza, wasu kuma suka yi biris da bambancin. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 kuma ta kai su lungu da saƙo. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ba su taɓa waɗannan ukun ba. Inda aka rabu shi ne a kan na huɗu: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya kuma 'y. Littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, na 1988, ya wadatar a kan wannan tarihi.

Maɗaba'a tana iya sa a zuba mata dalmar sabon harafi. Mai tafireta a ofis ko a makaranta ba shi da wannan gata. Shi ya sa kundayen digiri da yawa na shekarun 1970 da 1980 aka buga su da b da d da k, daga baya marubuci ya bi su shafi-shafi da biro yana ɗora ƙugiya. Aiki ne mai cin rai, amma yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: abin da ke kan takarda shi ne rubutun, babu wani na biyu a ɓoye.

Da kwamfuta ta shigo sai ta zo da nata ƙuncin. Tsarin ASCII gurbi 128 kawai gare shi, samfuran haruffa na wancan zamani kuma ba su wuce gurbi 256 ba, kuma babu ƙugiyar Hausa ko ɗaya a ciki. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfuran haruffa masu ɗauke da baƙaƙen Hausa, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla. Ba ƙaramar hidima ba ce. Da su da ire-irensu aka buga kundaye da mujallu da littattafan adabin zamani masu ɗimbin yawa, a lokacin da babu wata mafita. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron gurbi: a nemi madannin da Hausa ba ta amfani da shi, a zana harafin Hausa a mazauninsa. Tsari ɗaya ya ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Wani tsarin ya ari gurbin baka da makamantanta. Muddin rubutu zai ƙare a firinta ne, dabarar ba ta da makusa.

3.0 Siffa Daban, Lamba Daban

Kwamfuta ba ta adana harafi, lamba take adanawa. Idan aka danna q, abin da ke shiga fayil shi ne lambar q. Samfurin haruffa riga ce kawai da ake sa wa lambar domin ido ya gani. A samfurin aro, rigar ƙ ce aka sa wa q, amma wanda ke cikin rigar bai canza ba. Ranar da fayil ya je kwamfutar da ba ta da wannan samfuri, ko aka kwafe rubutun aka liƙa a gurbin da mujalla ta tanada don take da tsakure, sai rigar ta zame, q ya fito a tsiraicinsa.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bi ta wata hanya: kowane harafi na kowane harshe a ba shi lambarsa ta dindindin. Baƙaƙen Hausa suna ciki tun farkon shekarun 1990. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuma 01B4. Manyansu su ne 0181 da 018A da 0198 da 01B3 bi da bi. Harafin da aka rubuta da lambarsa ta gaskiya yana nan a matsayinsa ko wane samfuri aka sa masa. Idan samfurin bai da zanensa, iyaka a ga ɗan akwati a gurbinsa, da an canza samfuri kuma ya dawo. Microsoft Word ta fara aiki da wannan tsari tun zubinta na 1997, kuma samfuran da aka saba da su irin Times New Roman da Arial sun daɗe da samun waɗannan baƙaƙe. Ke nan larurar da ta halatta aro ta kau tun tuni, al'ada ce kawai ta rage. Abin takaici, har yanzu akan ga sanarwar neman maƙalu da ke shardanta wa marubuta tsohon samfuri, alhali mujallar a intanet za ta fito.

Akan ce ai mayar da fayil zuwa PDF ya kashe maganar, tunda samfurin yana tafiya tare da fayil. Gaskiya ne ga ido. Amma a ƙarƙashin shafin da ake gani akwai rubutun da injin bincike ke karantawa, kuma a mafi yawan lokuta lambobin aro ne a wurin. Mai neman abin da aka rubuta a kan Musa Ɗanƙwairo ba zai ga maƙalar da a cikinta sunan yake "Xanqwairo" ba, haka mai neman Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi. Mujallun Jami'ar Usmanu Danfodiyo guda biyu, Ɗunɗaye da Ɗegel, sunayensu kansu da ƙugiya suka fara. Aikin da ba a iya gano shi ba a ambaton sa, wanda ba a ambata kuwa tamkar ba a yi shi ba ne a ma'aunin da jami'o'i ke amfani da shi yau wajen ƙarin girma.

Akwai kuma batun jeri. A abacadar Hausa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Idan aka umarci manhaja ta jera kalmomi ko sunayen marubuta a fayil mai samfurin aro, lambobin take bi. Sai Ɗangambo ya gangara can ƙasa bayan Wurma, kalmomin da suka fara da ƙ kuma su faɗa tsakanin o da r. Ga mai haɗa ƙaramin ƙamus na karin harshe, wannan kaɗai ya isa ya wargaza aikin wata guda.

4.0 Abin da Sakkwatanci Ya Ƙara wa Matsalar

Hausar Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe tana cikin rukunin karin harshen yamma. Jimlolin da za a kawo a nan an gina su ne bisa sanannen tsarin wannan kari domin misali.

Abu na farko shi ne naso. A daidaitacciyar Hausa ana cewa "shi ne ya ɗauka", a Sakkwatanci kuwa "shi na yaɗ ɗauka". Wakilin suna a shuɗaɗɗen lokaci na biyu yana ƙarewa da baƙin da ya nashe da na farkon aikatau: yaz zo, tac ce, yaƙ ƙi, taɓ ɓace. Haka ma mahaɗin mata, wanda daidaitacciyar Hausa ke rubutawa da r: rigas sarki, hanyaƙ ƙauye, gonaɗ ɗiyanai. Haka kuma a jimla irin "shi aɓ ɓarawo". Sakamakon wannan shi ne baƙaƙe masu ƙugiya sun fi yawa a shafin Sakkwatanci, kuma suna zuwa a ƙarshen kalma, wurin da ba a saba ganin su ba a daidaitacciyar Hausa. A fayil mai samfurin aro da ya tuɓe, waɗannan misalai za su koma "yaq qi" da "tav vace" da "gonax xiyanai". Bakano ko Bazazzagin da zai iya warware "qasa" cikin ƙiftawar ido, a nan sai ya tsaya. Wanda kuma ya yi niyyar sauƙaƙawa ya mayar da su k da b da d, ya haifar da "yak ki" da "tab bace", ya kashe shaidar nason da aka kawo misalin dominta.

Abu na biyu shi ne kalmar ɗiya. Inda daidaitacciyar Hausa ke da 'ya da 'ya'ya, Basakkwace ɗiya yake cewa. Masana tarihin harshe, ciki har da Paul Newman a babban nahawunsa na 2000, sun nuna cewa sautin 'y daga nan ya samo asali. Maƙalar da ke kwatanta siffofin biyu tana dogara ne kacokan a kan alamomi biyu mafi rauni a fayil, wato ƙugiyar ɗ da hamzar 'y. Idan suka faɗi, abin da ya rage shi ne "diya" da "ya", kalmomi biyu na daban masu ma'anar da ba ta da alaƙa da zancen.

Na uku ba laifin na'ura ba ne kai tsaye, amma ta hanyarta yake shigowa. Mai buga takarda a shago yakan ɗauka gyara yake yi idan ya mayar da "hwadama" fadama, "tahi" tafi, "sunka" suka, "mi" me. Wani lokaci marubucin ne da kansa hannunsa ke zamewa zuwa abin da makaranta ta koya masa. Manhajar kuma, da yake an saita ta a kan Ingilishi, tana ja wa kowace kalma jan layi, har idon mai dubawa ya gaji ya daina bambance kure da daidai. Ko da an sami manhajar duba rubutu ta Hausa, a kan daidaitacciyar Hausa za a gina ta, kuma "munka" da "anka" kure za ta ɗauke su. Saboda haka a rubutun karin harshe abin da ya fi shi ne a kashe duba rubutu da gyaran kai-tsaye gaba ɗaya, a dogara ga sake sauraren abin da aka naɗa.

Sunayen wurare ma suna da nasu tarkon. Taswira da allunan bakin hanya da takardun hukuma da rubutun Ingilishi suke tafiya, ba su san ƙugiya ba. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal zai ga an rubuta Bodinga, amma Boɗinga mutanen garin ke faɗa, kamar yadda Rabah take Raɓa a bakin masu ita. Manazarcin da ya tattaro sunayen ƙauyuka da unguwanni da fadamu a gundumar Sanyinna, mai yiwuwa rubutunsa ne wuri na farko da za a adana lafazinsu na gaskiya. A nan ma yana da kyau a yi hattara da mai gyaran da zai ga Kebbe ya zaci Kebbi aka so rubutawa: ta farko ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, ta biyu jiha ce da aka ƙirƙiro a 1991, ga su kuma maƙwabtan juna.

Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. Yankin yana da Fulani da yawa, kuma Fulfulde tana amfani da ɓ da ɗ da ƴ, har da ŋ. Mai nazarin cuɗanyar harsunan biyu ba zai sami gurbin ŋ ko ƴ a samfurin da ya ari q da x da v kaɗai ba.

5.0 Juyar da Tsohon Fayil

Tambayar da ta fi damun malamai ita ce ta ayyukan da suka riga suka taru: kundaye, takardun taro, bayanan fage na shekaru. Ana iya juyar da su, amma akwai hanyar da ke gyarawa da wadda ke ɓatawa.

Hanyar da ke ɓatawa ita ce wadda aka fi bi. A kwafe rubutu duka a liƙa a sabon wuri, sannan a umarci manhaja ta musanya kowane q da ƙ, kowane x da ɗ, kowane v da ɓ. Daga nan "Uniɓersity" ta samo asali. Vischer da kansa, wanda ya tsara ƙa'idojin 1912, ya sha komawa "Ɓischer" ta wannan hanya. A tsarin da ya ari gurbin baka kuwa ɓarnar ta fi tsanani ga masu nazarin tsarin sauti, domin baka mai kusurwa ita ce alamar rubutun furuci, alamar ~ kuma ita ke nuna musayar siffofi. Musanyar gaba ɗaya za ta haɗiye su duka.

Abin lura shi ne tsohon fayil yana ɗauke da maganin kansa. A lokacin da aka buga shi, duk inda aka zo kalmar Ingilishi mai v ko x ko q, dole mai bugawa ya canza wa kalmar samfuri, ko aƙalla wa harafin, in ba haka ba da ƙugiya ta fito a takarda. Ke nan fayil ya san wane v ne ɓ, wane ne v na gaskiya, kuma a samfurin haruffa ya adana wannan sani. Da zarar an kwafe rubutun zuwa wurin da ba ya riƙe samfuri, sanin ya tafi. Saboda haka a cikin fayil na asali ake juyarwa, kafin a kai shi ko'ina.

A Microsoft Word da LibreOffice, akwatin nema da musanyawa yana ba da damar a taƙaita nema ga samfuri guda. Sai a ajiye kwafin fayil a gefe tukuna. A gurbin nema a sa q, a zaɓi sunan tsohon samfurin, a kunna zaɓin da ke bambance babban baƙi da ƙarami. A gurbin musanya a sa ƙ na Unicode tare da sabon samfuri. A maimaita ga sauran biyar, wato Q da x da X da v da V. Sai an gama shidan ne za a zaɓi rubutun duka a sauya masa samfuri, domin wanda ya fara da sauya samfuri ya goge shaidar da hannunsa. Bayanan ƙasan shafi da rubutun cikin jadawali da kanun shafi sukan tsere wa musanya, don haka a leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Idan fayil na asali ya ɓata, PDF kawai ya rage, to babu makawa sai an bi kalmomin Ingilishi da lambobin Romawa da ido bayan musanya.

6.0 Fara Sabon Rubutu

Shigar da baƙaƙen ba shi da wuya kamar yadda ake zato. A Word, idan aka rubuta 0199 aka danna Alt tare da X, lambar za ta rikiɗe ta koma ƙ, kuma LibreOffice ma tana yin haka. Wannan ya isa ga kalma ɗaya ko biyu. Ga dogon rubutu, ana iya ware wa kowane harafi gajeriyar hanya a akwatin alamomi na Word, misali Alt da k su ba da ƙ. Wanda ya fi wannan shi ne a ɗora tsarin madannai na Hausa a kan kwamfutar baki ɗaya, ko wanda ke zuwa da Windows ko ta manhajar Keyman da cibiyar SIL ke bayarwa kyauta, domin shi yana aiki a kowace manhaja, kuma da an sauke shi sau ɗaya ba ya bukatar intanet. Wani abin ban mamaki shi ne ɗalibin da ke rubuta ƙ da ɗ daidai a wayarsa ta hanyar Gboard, shi ne kuma zai zauna gaban kwamfuta ya koma q da x, saboda haka ya tarar ana yi a sashe.

A kiyayi 'yan kama. Harafin ɖ, mai lamba 0256, wutsiyarsa a ƙasa take, na harshen Ewe ne na Gana da Togo, kuma a jerin alamomi yana maƙwabtaka da ɗ. Babbansa Ɖ ma yana dab da Ɗ. Haka đ da ķ, waɗanda wasu ke ɗauka don sun yi kama. A ƙaramin rubutu ido ba ya raba su, injin bincike kuwa yana rabawa.

Alamar hamza ta fi kowanne rikitarwa, domin a kwamfuta alamomi aƙalla huɗu ne ke kama da ita: miƙaƙƙiya mai lamba 0027, da mai buɗe zance 2018, da mai rufe zance 2019, da kuma 02BC wadda aka tanada don ta zama harafi a cikin kalma. Word tana da ɗabi'ar lanƙwasa alamar da kanta. Idan ta zo a farkon kalma sai ta ɗauka zance za a buɗe, shi ya sa a 'ya'ya akan ga ta farko ta juya baya, ta biyu ta fuskanci gaba, alama ɗaya ta zama biyu a kalma guda. Mai ƙirga yawan aukuwar kalma a matani zai sami 'yan da sa'a da Ɗan'anace sun rarrabu gida-gida. A mahangar harshe 02BC ce ta fi dacewa, tunda hamza baƙi ce a Hausa, kuma manhaja ba ta yanke kalma a kanta. Amma ko wacce mujalla ta zaɓa, muhimmin abu shi ne ta zaɓi ɗaya ta bayyana a ƙa'idojinta, marubuci kuma ya kashe lanƙwasawar kai-tsaye kafin ya fara.

Maƙalun tsarin sauti suna bukatar alamar karin sauti da ta tsawon wasali. Unicode ta tanadi alamomi masu hawa kan harafin da ya gabace su: 0300 don karin ƙasa, 0302 don faɗau, 0304 don dogon wasali, 0303 kuma don bambance ra-gare. Ana iya ɗora biyu a kan wasali guda, sai dai ba kowane samfuri ke jera su da kyau ba. Charis SIL da Doulos SIL da Gentium an yi su ne musamman don irin wannan aiki. Zana alamar da hannu a matsayin hoto, ko tura ta bisa wasali da tazara, ado ne da ba ya ƙetare kwamfutar da aka yi shi.

6.1 Kafin a Tura

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin minti biyu. A kwafi sakin layi ɗaya mai yawan ƙugiya a liƙa a Notepad, wadda ba ta riƙe samfurin da aka zo da shi. Abin da ya bayyana a nan shi ne ainihin abin da ke cikin fayil, kuma shi ne zai isa ga mujalla. In an ga q da x da v, da sauran aiki. In za a adana rubutu a matsayin tsuran matani, a zaɓi UTF-8, domin tsohon tsarin adanawa yana mayar da duk harafin da bai sani ba alamar tambaya, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Idan kuma aka buɗe fayil aka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, kada a firgita a fara gogewa: rubutun lafiyarsa lau, an dai buɗe shi da tsarin da ba nasa ba ne, sai a rufe ba tare da adanawa ba a sake buɗewa da UTF-8.

Nauyin da ya rage na editoci ne. Take da tsakure da sunan marubuci, waɗanda ake shigarwa daban a manhajar sarrafa mujalla irin Open Journal Systems, su ne injin bincike ke fara gani, don haka su ne suka fi cancantar a duba. Ga maƙalar da ta ƙunshi matanin karin harshe, ya kamata mujalla ta nemi fayil ɗin da ake iya gyarawa tare da PDF ɗin da marubuci ya fitar da kansa, a gwada su kafin a tsara shafi, sannan a mayar masa da shafin da aka tsara ya karanta misalansa ɗaya bayan ɗaya, yana sauraren muryar da ya naɗo daga Sanyinna.